Daga Tit Zuwa Alje: Ina Likitan Yaron Da Bai Buɗe Baki Ba?

Kamar yadda muka saba a wannan fili, kowane wata mukan zaɓi gari ɗaya daga cikin garuruwan da ke kewaye da mu, mu je mu gano, mu dawo mu ba ku labari, tun da masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A wannan karo Tit muka nufa. Amma bari mu gaya muku tun daga farko, labarin yau rabinsa na gari ne, rabinsa na 'ya'yanmu: yaron da ya shekara biyu ko uku bai buɗe baki ba, da wanda ake kiran sunansa ba ya waiwayowa, da wanda ya kasa zama wuri ɗaya har malamin lakwal ya gaji da shi. Wane ne likitan irin waɗannan yara? A ina ake koya masa aikin? Kuma mene ne nisan da ke tsakaninsa da uwar da ke zaune a Tit, ko a unguwar Tahaggart?

Hanya da gari

Tit ba shi da nisa da mu. Kilomita 40 ne, ko kusa da haka, arewa maso yamma da Tamanrasset, a kan babbar hanya mai lamba 1. Kada mai karatu ya haɗa shi da wani Tit ɗin da ke ƙasar Tidikelt, kusa da Aoulef. Suna ne ɗaya, amma tsakaninsu akwai ɗaruruwan kilomita.

Mun bar gari bayan sallar asuba, kowa ya ƙudundune cikin bargo da rawani, don sanyin hunturu a nan ba ya wasa da kowa. Tamanrasset tana bisa tudun da ya haura mita 1,300, shi ya sa baƙon da ya zo da tunanin cewa Sahara zafi ce kawai yakan kwana yana karkarwa. Muka wuce filin jirgin sama na Aguenar, muka wuce Outoul, duwatsun Ahaggar suna hannunmu na dama, wasu baƙaƙe wasu jajaye. Can a cikinsu Tahat yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Aljeriya, mita 2,908.

Wannan kwalta da muke kai samarin bautar ƙasa ne suka fara shimfiɗa ta a farkon shekarun 1970, ta iso Tamanrasset a 1978. In ka bi hanyar kudu za ta kai ka In Guezzam, Assamaka, Arlit, Agadas, Damagaram, Kano, har Legas. Wato ita ce hanyar da ta kawo da yawanmu, ko ta kawo iyayenmu. A Tit kuwa hanya ta rabu biyu. Ta yamma ta nufi Abalessa, inda kushewar Tin Hinan take, wadda Abzinawan Ahaggar ke ɗauka kakarsu. Ta arewa ta miƙe zuwa In Amguel, ta ratsa kwazazzabon Arak, ta faɗa In Salah.

Sunan garin kansa abin sha'awa ne. Da harshen Tamahak, tit na nufin ido, kuma yana nufin inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Haka Larabawa ke cewa ain, haka mu ma muke cewa idon ruwa. Kuma ruwan ne ya kafa garin. Gidajen suna bakin kori, wato abin da Larabawa ke kira wadi, wanda yakan shekara a bushe sai in hadari ya zuba a kan duwatsu, ya taho da ƙarfinsa, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya nutse cikin yashi shi ake haƙowa a shayar da garake. Mun ga alkama da albasa da tumatir, mun ga ɓaure da inabi, mun ji ƙarar injin ban ruwa tun kafin mu sauka daga mota.

Masu tarihi sun san Tit da wani abu dabam. Ranar 7 ga watan Mayu, 1902, a nan mayaƙan Kel Ahaggar suka tari rundunar Laftanar Cottenest, Bafaranshe, wanda ya taso daga In Salah da mayaƙa, yawancinsu Sha'amba, masu bindigogin zamani. Masu takobi da mashi suka faɗa wa masu harsashi, kusan mutum 100 daga cikinsu suka kwanta dama a rana ɗaya. Shekara biyu bayan haka, a 1904, Musa ag Amastan ya je In Salah ya yi sulhu da Faransawa. Dattawan garin har yau suna nuna wa baƙo wajen da aka gwabza. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rigaye mu.

Shayi a garka

Da hantsi muka sauka a wata garka inda wasu 'yan uwanmu mutanen Adar ke aiki. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi. Muna nan sai ga wani yaro ya zo ya tsuguna bakin rariyar ruwa, yana ɗebo tsakuwa yana jerawa a layi, in layin ya karkace ya rushe ya sake. Muka kira shi, bai ɗago ba. Muka miƙa masa dabino, ya karɓa bai dube mu ba. Kakarsa tana gefe tana tsince albasa.

Muka ce, "Inna, wannan jikan naki shekararsa nawa?"

Ta ce, "Uku da rabi, 'ya'yana. Yana ci, yana sha, gudu kamar barewa. Baki ne dai Allah bai buɗe masa ba."

Muka ce, "To, Inna, me aka yi a kai?"

Ta ce, "Me ba a yi ba? An sha rubutu, an yi hayaƙi. Kakansa ya ce a bar shi, ubansa ma bai yi magana da wuri ba. Maƙwabtanmu Larabawa sun ce ido ne ya kama shi. Wata ta ce harsuna ne suka yi masa yawa, Hausa a ɗaki, Tamahak a garka, Larabci a waje. Da uwarsa ta kai shi allura, ma'aikacin ya ce a nemi likitan da ya ƙware a kan wannan. To, ku da kuka yi boko, ina shi wannan likitan yake?"

Mu ba likitoci ba ne, ba mu kuma sa wa ciwon yaron suna ba, don wannan ba aikin baƙon da ya zo shan shayi ba ne. Amma tambayar tsohuwar ta cancanci amsa, kuma mun san ba ita kaɗai ke yin ta ba. Akwai irin wannan yaro a Gataa el Oued, akwai shi a Sersouf, akwai shi a gidajen da ake rufe shi a ɗaki in baƙi sun zo, ana ce masa ɗan ruwa, ko a ce sammu ne, ko kambun baka.

Abin da wannan likita ya sani

Girman yaro yana da matakai, kuma iyayenmu mata sun san su tun kafin a rubuta su: murmushi, riƙe wuya, zama, rarrafe, tsayuwa, tata, gwaranci, sannan magana. Abin da ilmin likita ya ƙara shi ne awo. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bin yara a ƙasashe biyar, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Ta samu cewa lafiyayyun yara suna zama da kansu tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, suna tafiya da kansu tsakanin kusan wata 8 zuwa wata 18. Ka ga ke nan tazarar tana da faɗi, kada uwa ta tayar da hankali don ɗan maƙwabciya ya riga nata da wata biyu.

Amma tazarar tana da iyaka. Likitocin yara suna son a kawo musu yaron da ya cika shekara ɗaya ba ya gwaranci kuma ba ya nuna abu da yatsa, da wanda ya kai wata 16 zuwa 18 ba shi da kalma ko ɗaya, da wanda ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba. Fiye da duka, suna son ganin yaron da ya iya abu sannan ya manta shi, ko shekararsa nawa.

Dalilan jinkirin suna da yawa, kuma wasunsu mun san su sarai. Akwai doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri. Akwai shawarar jarirai in ta yi tsanani ba a kula ba. Akwai sanƙarau, wanda yakan bar yaro da kurumta bayan ya warke. Akwai zazzaɓin sauro da ya hau kai. A 2019 an tabbatar wa Aljeriya cewa ta rabu da wannan ciwo, amma yaron da aka kai ganin dangi Tawa ko Maraɗi da damina yana iya dawowa da shi. Akwai farfaɗiya, da ƙarancin jini, da rashin sinadarin aidin a gishiri, wanda ke kawo maƙoƙo ga babba, ya tauye basirar yaro. Akwai gubar dalma, wadda a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen a cikin gida. Masu zuwa haƙar zinariya a wannan yanki su riƙe wannan. Sannan akwai lalurar da Faransawa ke kira otizim, Larabawa ke cewa tawahhud, wadda likita Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943 bayan ya bi yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana samun kusan yaro 1 cikin 100. Ba laifin uwa ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo ta; rahoton 1998 da ya yaɗa wannan zargi, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da irin kulawarsa. Yaron da kunne ne matsalarsa, na'urar ji da mai koyar da magana yake bukata. Mai farfaɗiya magani yake bukata a kan lokaci. Aikin ƙwararren shi ne ya rarrabe wannan da wancan, kuma da wuri, don ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin koyo a shekarunsa na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Makarantar tana arewa

To, yanzu ga amsar tambayar Inna. Ki tsaya a mahaɗar Tit, ki dubi hanyar arewa. In Salah, El Meniaa, Ghardaïa, Laghouat, Djelfa, Médéa, Blida, sannan Alje: kusan kilomita 1,900. A mota tafiyar kwana biyu ce, a jirgi sa'a biyu da rabi ga mai kuɗin tikiti. A can ƙarshen wannan hanya, da Oran da Constantine, manyan wuraren koyon wannan fanni suke.

Sunan likitan, kamar yadda za ku gan shi a ƙofar ofis, pédopsychiatre, wato likitan ƙwaƙwalwa da halayyar yara. Fannin yana da tarihi a ƙasar nan. A Blida ne Frantz Fanon ya yi aikin likitan taɓin hankali daga 1953 zuwa 1956, kuma asibitin yau sunansa yake ɗauke da shi. Bayan samun 'yancin kai a 1962, cikin waɗanda suka tsaya a kan sha'anin yara babu kamar Farfesa Mahfoud Boucebci, haifaffen Miliana a 1937. Ya kula da yara masu naƙasar basira da waɗanda aka yasar, ya koyar da ɗalibai masu yawa, ya yi rubuce-rubuce. Ranar 15 ga watan Yuni, 1993, a cikin shekarun fitina, aka kashe shi da wuƙa a ƙofar asibitin Drid Hocine da ke Alje, yana shiga aiki. Asibitin ƙwaƙwalwa na Chéraga yanzu sunansa yake amsawa, kuma yana cikin wuraren da ake duba yara ana horar da likitocinsu.

Shekaru da yawa wannan aiki reshe ne kawai a cikin likitancin taɓin hankali na manya. Sai a 2013 aka mai da shi fanni mai zaman kansa, da nasa karatun ƙwarewa. Wanda ke son kai wa can, ga matakalar. Zai ci jarrabawar bak da maki mai yawa. Zai yi shekara 7 yana karatun likita. Zai shiga gasar da ake kira rezidana, inda matsayinsa a sakamako ke yanke fannin da zai iya zaɓa. Zai yi shekara 4 a asibitin koyarwa yana aiki a ƙarƙashin manya, yana koyon matakan girma, da cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa, da yadda ake zama a kalli yaro yana wasa, da yadda ake faɗa wa iyaye magana mai nauyi. Daga nan ya zauna jarrabawar ƙarshe ta shaidar ƙwarewa. Jimla shekara 11, in bai maimaita aji ba.

Ta yaya irin wannan mutum ke isowa kudu? Galibi ta hanyar da ake kira sarbis sibil: kowane sabon ƙwararre dole ya yi wa asibitin gwamnati aiki na wani lokaci a inda aka tura shi, daga shekara 1 zuwa 4. Wanda ya yarda ya zo kudu mai nisa irin namu, wa'adinsa ya fi gajarta. Daga ƙarshen 2017 zuwa tsakiyar 2018 likitoci masu neman ƙwarewa sun yi dogon yajin aiki, kuma wannan tilas ɗin na cikin manyan koke-kokensu. Su suna cewa ana tura su inda babu masauki da kayan aiki. Mutanen kudu suna cewa in an cire tilas, wa zai zo? Kowa da gaskiyarsa. Akwai kuma tsarin ƙulla zumunci tsakanin asibitocin arewa da na kudu, inda ayarin ƙwararru ke saukowa na 'yan kwanaki su duba marasa lafiya su koma.

Wannan tsari yana da amfani ga mai bukatar tiyata: a yanka, a ɗinke, a sallame shi. Amma yaron da ke koyon magana ba a gama da shi a mako ɗaya, ko a shekara ɗaya. Likitan da ya gan shi yana da shekara uku ya kamata ya gan shi ranar da zai shiga lakwal. In duk shekara sabuwar fuska ce, uwa za ta riƙa maimaita labari daga farko har ta gaji ta zauna a gida. An fara rage nisan: a 2014 an buɗe sassan koyon likita a Ouargla, Béchar da Laghouat. Amma matakalar ƙwarewa doguwa ce, kuma akwai wani nisan da kwalta ba ta rage shi.

Nisan harshe

Likitan ƙashi yana da hoton ƙashi, likitan jini yana da awon jini. Wannan likita kuwa kayan aikinsa ido ne da kunne. Takardar gwajin da aka fi amfani da ita wajen gano alamun otizim, mai suna M-CHAT-R, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30, tambayoyi 20 ce, kuma duk iyaye ake yi wa su: ko yaron yana nuna abu da yatsa, ko yana amsa sunansa, ko yana wasan kwaikwayo irin na dafa tuwon ƙasa. In uwa ba ta gane tambayar ba, ko likita bai gane amsar ba, gwajin ya tashi a banza. Shi ya yi karatunsa da Faransanci, daga 2025 ma an fara shigar da Ingilishi, yana magana da Larabcin arewa. Ita kuwa da Hausa take mafarki.

Ga misali. Likita ya tambaya, kalma nawa yaron ya iya? Yaron yana cewa ruwa in yana tare da uwarsa, yana cewa aman in yana garka, yana cewa elma in yana waje. In Larabci kaɗai aka ƙirga, an tauye shi. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa tashi da harshe biyu ko uku ba ya hana yaro magana, kuma ana haɗa kalmominsa na dukkan harsunan ne a ƙirga. Saboda haka kuskure biyu ke jiran 'ya'yanmu. Na farko, lafiyayyen yaro ya shiga aji yana da shekara 6 bai ji Larabci ba, a ɗauke shi daƙiƙi. Na biyu, yaron da ke da lalura ta gaske a ce ai harsuna ne, a bar shi har lokaci ya wuce. Kuma kada uwa ta daina yi wa ɗanta Hausa don wani ya ce ita ce ta ɗaure masa baki. Harshen da uwa ta fi iyawa, da shi ta fi ba ɗanta magana mai yawa mai daɗi.

Bayan harshe akwai al'ada. A wajenmu yaro mai tarbiyya ba ya ƙura wa babba ido, alhali kallon ido na cikin abubuwan da likita ke dubawa. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Baƙon da bai san alkunya ba sai ya rubuta cewa uwar ba ta damu da ɗanta ba. A wajenmu sau da yawa kaka ko goggo ce ta fi sanin yaron, amma uba ne ke shiga ofis don shi ke jin Larabci. Waɗannan abubuwa ba a rubuta su a littafin Alje ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Abin da wasu suka yi

Ƙarancin irin waɗannan likitoci ba a Aljeriya kaɗai yake ba; a ƙasashen da muka fito ma haka ne. A Nijeriya, Farfesa Olayinka Omigbodun ta Jami'ar Ibadan, wadda ta shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta duniya daga 2010 zuwa 2014, ta kafa cibiya da ta fara ba da digiri na biyu a wannan fanni a 2013. Ba likitoci kaɗai take ɗauka ba, har da ma'aikatan jinya da masana halayya da ma'aikatan jin daɗin jama'a daga ƙasashen Afirka, don kowa ya koma garinsu da ilmin. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta fitar da wani shiri na koyar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma: zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, kuma wanda ba ƙwararren likita ba yana iya jagorantarsa in an horar da shi. Abin da ake koyarwa shi ne yadda za a mai da wanka da cin abinci da wasa su zama darasi. Irin wannan aiki da harshen gida ake yin sa, a kan tabarma irin wadda muka zauna a kai.

Kira ga iyaye da samari

Ga iyaye, abu na farko shi ne karne na lafiyar yaro da takardar haihuwarsa. A adana su kamar kuɗi, don kowace ƙofa su take fara tambaya. In kun ga ɗaya daga cikin alamun da muka lissafa, ku fara da asibitin unguwa inda ake allura da awon jarirai, ku nemi a tura ku ga likitan yara, kuma ku roƙi a gwada jin yaron kafin komai. Ku tafi da wadda ta fi sanin yaron, da tafintan da uwar ta yarda da shi, mace in da hali. Ku faɗi komai: yadda haihuwar ta kasance, zazzaɓin da ya taɓa yi, jiƙon da aka ba shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku roƙi kowane likita ya rubuta abin da ya gani, don in an canza shi na gaba ya ɗora daga nan. Ga yaran da suka shiga lakwal akwai sashen duba lafiyar 'yan makaranta, kuma ofishin jin daɗin jama'a na wilaya shi ke riƙe da cibiyoyin koyar da yara masu naƙasar basira. Ku je ku tambaya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su biyu. A gida kuma a rage ba jariri wayar salula don ya yi shiru. Shawarar Hukumar Lafiya ta 2019 ita ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce sa'a ɗaya a yini. A yi masa hira, a yi masa tatsuniya, a fito da shi cikin yara.

Ga samari da 'yan matanmu da ke shirin bak, wannan kira naku ne. Kun tashi da Hausa, kun ji Tamahak a unguwa, kun yi karatu da Larabci da Faransanci. Abin da wasu ke ganin kaya ne a kanku, shi ne ainihin abin da wannan aiki ya rasa. Mai ƙarfin shekara 11 ya ɗaura ɗamara ya nemi likita. Wanda bai samu wannan ba, akwai ƙofofi kusa: karatun gyaran magana, wanda ake kira ortofoni kuma ake koyar da shi a Jami'ar Alje tun shekarun 1970, da ilmin halayyar ɗan Adam, kowanne shekara 3 a sami lisans, akwai aikin jinya da ungozoma, akwai horon malaman yara masu bukata ta musamman. Iyaye kuma, don Allah, yarinyar da ke ƙoƙari a aji a bar ta ta ƙarasa, don uwa ta fi sakin jiki ta faɗa wa 'yar uwarta mace abin da ke damunta. Ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗin biki da na jana'iza, me zai hana su ware wani abu don kuɗin motar ɗalibi ɗaya, ko na uwa ɗaya da aka tura arewa da ɗanta? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɗa na kowa ne.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa ma'aikatan da suka baro garuruwansu suka zo yi mana aiki da alheri. Wanda ya san wata ƙofa da iyayen irin waɗannan yara za su ƙwanƙwasa, ya rubuto mana mu sanar da jama'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.